Rabawa Ake Yi, Saudatu

A zamanin Shugaba Ahijo, a unguwar Birkitari ta Yawunde, an yi wata yarinya 'yar mai tsire. A ajinsu na lise, wato sakandare, inda ake ce wa malam Mushe da Faransanci, ita ake tambaya in darasin kimiyya ya yi wuya. Abin yana mata daɗi ƙwarai.

Ran nan ƙawarta Saudatu ta tsayar da ita a hanya.

"Gobe Mushe Alim zai fito da ni gaban allo. In an ba ni yawan molekil, aka ce mol nawa ne, ninkawa zan yi ko rabawa?"

Yarinyar ta manta. Amma ta ji kunyar faɗa.

"Ninkawa mana! Wannan ma abin tambaya ne?"

Washegari malam ya rubuta molekil 12 × 10²³. Ya ce mol ɗaya 6 × 10²³ ne. Saudatu ta ninka. Sifili ya cika allo, aji ya fashe da dariya.

"Gobe ki sake," in ji malam.

Da aka tashi, Saudatu ta tafi abinta, ko waiwaye babu.

Da la'asar yarinyar na taya babanta ɗaure tsinken tsire dami-dami, hawaye na zuba.

"Uwata, ban ma buɗe yaji ba tukuna. Kukan me?"

Ta gaya masa komai.

"Ni ban san mol ɗin nan ba," in ji shi. "Kin ga na faɗa, kuma haƙorina bai zube ba."

Ta yi dariya cikin kuka. Ta dubi gabanta. Tsinke tuli, dami kaɗan. Ashe mol ma dami ne! Rabawa ake yi.

Da safe ta miƙe a tsakiyar aji.

"Mushe, ni na ɓatar da Saudatu. Ban sani ba, na ce na sani. Rabawa ya kamata in ce mata."

Malam ya miƙa wa Saudatu alli. Ta raba.

"Mol biyu."

"Daidai!"

Da aka tashi, sai ga Saudatu tsaye a bakin ƙofa.

"Ke, yi sauri mana! Ko sai na goya ki?"

Suka kama hanya, hannu cikin hannu.

Yara, in ba ku san abu ba, ku ce ba ku sani ba. Wannan ba abin kunya ba ne.