Tef a Damtsen Dogo

Auta na durƙushe a falo, ta zagaya tef ɗinta na ɗinki a damtsen mijinta Dogo, sai ga surukarta ta ɗaga labule.

"Innalillahi! Me zan gani? Awon likkafani kike wa ɗana tun yana numfashi?"

"Haba Mama! Nas ce ta ce duk sati in ɗora shi a sikeli, in auna damtsensa. Cutar kansa tana cinye tsoka ba a lura ba."

"Nas! Nas! Ita ta haifa mini shi?"

Dogo ya ja hannun rigarsa ya rufe damtsen. Tun da aka gano kansar hanji a jikinsa komai ɗanɗanon ƙarfe yake masa, loma biyu ya ture kwano. Auta tela ce, ita ke rage masa ƙugun wando, ta fi kowa sanin yadda yake zubewa. Shi ya sa take binsa da ƙwai, madara da kifi, kaɗan-kaɗan, kamar mai lallashin yaron da aka yaye.

Ita kuwa Mama wata ƙawarta ta gaya mata cewa abinci mai maiƙo ciwon yake ciyarwa. Ta kwashe ƙwan, ta juye madarar a sinki.

"Ruwa da ganye kawai zai sha. Yunwa za ta kashe ciwon!"

"Mama, kafin ta kashe ciwon wa za ta fara kashewa?"

"Kai, ka ji ta ko? Rashin kunya! Ko ka sallame ta, ko ni in bar muku gidan!"

Auta ta shige kicin, ta yi kukanta. Dogo ya biyo ta yana dafa bango.

"Sori, Auta. Ki bar awon nan mana, a zauna lafiya."

"Lafiyar wa? Shekaranjiya makullai da waya ka cusa a aljihu ka hau sikeli, ka ɗauka ban gani ba? Ni kake yi wa wayo ko kanka?"

Ya sunkuyar da kai. "Ba na son ganin fuskarki ne idan lambar ta sauka."

Auta ba ta ƙara mayar wa Mama magana ba, awon ma ba ta fasa ba. Da ta ga ramar ta yi sauri, ba ta jira ranar asibiti ba, ta kira nas. Aka ce su zo. Mama ta yafa mayafi, wai za ta je ta tona asirin matar ɗanta.

Likita ya duba Dogo ya girgiza kai. "Jikinsa ba zai ɗauki kemo, maganin kansar, yau ba, sai ya farfaɗo. Allah ya taimaka kun zo da wuri. Me yake ci?"

Auta ta kalli ƙasa ta ce, "Laifinmu ne duka, likita. Za mu gyara."

Mama ta kama hannun ɗanta za ta tashe shi, yatsunta suka zagaye damtsen har suka haɗu. Nan ta zube a kujera.

"'Yata... kin rufa mini asiri. Ki yafe mini."

Daga ranar Dogo ya shiga uku, mata biyu a kansa, kowace da cokali.

"Wallahi na ƙoshi!"

"Buɗe baki, ka ji abin da matarka ta ce!"

A hankali ramar ta tsaya, nauyinsa ya fara hawa, aka ci gaba da magani har ya koma bakin aikinsa.

Mai jinya, ka sa ido a kan rama kamar yadda kake sa ido a kan magani. Wanda yake son ka da gaske zai jure fushinka da na danginka, muddin kana raye.