Direban Motar Baya

Ndeshi ta ji ƙugin mota a bayanta, amma ta ƙi waiwayawa. Kwana uku ke nan ita da ayarinsu suna ratsa hamadar Namib a kan kekuna, don tara kuɗin da za a gina wa yara masu ciwon daji masauki kusa da asibitin da take aikin jinya. Yau ita ce a ƙarshen ayarin, kuma duk wanda ya hau motar kwasar gajiyayyu ya fita daga tafiyar ke nan.

"Ndeshi... ki sha ruwa."

Ƙafarta ta zame daga feda. Shekara biyu rabonta da muryar nan. Uanivi ne, wanda ya fasa aurenta ana saura wata guda biki.

"Wa ya ba ka tuƙin motar nan?"

"Roƙa na yi, da na ga sunanki."

"To, ba zan hau ba."

"Ni ma ban ce ki hau ba."

Ta ci gaba da tafiya, yashi na riƙe mata taya. Ta tuna yadda Veripi, 'yar kawunsa mai sonsa, ta kai wa mahaifiyarsa labarin tiyatar da aka yi wa Ndeshi, cewa ba za ta haihu ba. Tsohuwar ta ce wa zai gaji shanun gidansu? Shi kuwa ya sunkuyar da kai kawai.

"Ina amaryarka Veripi?"

"Ban aure ta ba."

"Ka sani, ba maganar Mama ce ta fi yi mini ciwo ba. Shirunka ne."

"Na sani, masoyiyata. Kafin in taho na je na sami Mama. Na ce ko ke, ko in zauna haka."

"Me ta ce?"

"Ta yi kuka. Sannan ta tambaya ko kin rame."

Ndeshi ta ci gaba da taka feda. Awa huɗu yana biye da ita a hankali, rana na dukan su, bai wuce ta ba. Da suka isa zango ƙafafunta suka ƙi ɗaukar ta. Ya miƙo hannu. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta kama.

"Ban yafe ba tukuna."

"Zan jira."

Sai da ya jira wata biyar.

Ranar bikin aurensu, mahaifiyarsa ba ta yi rawa ba, ba ta ma yi dariya ba. Amma ita ta ɗaura wa amarya ɗankwalin matan gidansu da hannunta.