Rigar da Ta Maƙale a Injin Wanki

Injin wankin ya yi wani gurnani kamar mai shaƙewa, ya girgiza, sai ya yi tsit. Wata 'yar jar fitila ta hau ƙyaftawa a goshinsa.

Auta ta saki littafin hannunta ta durƙusa gaban gilashin ƙofar injin. Ruwa ya kai rabin ganga, ga kumfa, ga kuma abin da take tsoro: shuɗiyar rigar aiki ta manne a jikin gilashin, tambarin shagon gyara ya fito ɓaro-ɓaro.

Ta ja ƙofar. Ko gezau.

Ta sake ja da hannu biyu har yatsunta suka yi ja.

Rigar Injiniya ce, mai gyaran firij da injin wanki a bakin titinsu, wanda ya nuna yana sonta ita ma zuciyarta ta amsa. Abba bai ce a'a ba, bai kuma ce e ba. Sharaɗi ya gindaya musu: ba gani, ba waya, ba aike, sai ta gama jarrabawar ƙarshe ta makarantar jinya. Duk wanda ya karya, maganar aure ta mutu. Kuma kowa a gidan ya san Abba, in ya furta abu ko hawayen jini za ka yi ba ya waiwaye. Baikon babbar yayarta ma a kan saɓa magana ɗaya ya rusa shi.

To jiya sai ta ji labarin ƙarfe ya tsarge wa Injiniya tafin hannu. Ina zama! Daga makaranta ta biya shagon, ta wanke ciwon ta ɗaure masa. Rigarsa duk jini, shi ba uwa ba ƙanwa, ga hannu ɗaya, wa zai wanke masa? Ta cusa ta a jaka. Yau Abba na fita ta haɗa ta da zannuwan gado ta jefa a inji, ga shi injin ya tona mata asiri.

Kamar an aiko ta, sai ga Anti, matar Yayanta, wadda ta daɗe tana tallata mata ƙanenta. Ta leƙa gilashin, ta dubi Auta, ta saki wani murmushi mai sanyaya jiki. Ta ce bari ta kira Abba ya dawo ya gani, kada a ce su suka lalata inji. Auta ta riƙe gefen zaninta tana roƙo da Allah da Annabi.

"Ni me na gani? Inji kawai na ga ya tsaya," in ji Anti, ta fice tana latsa waya.

Shi ke nan, an riga an jiƙe. Auta ta kira lambar da aka hana ta kira.

"Likitata..." Muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kin manta sharaɗin Abba?"

"Rigarka ta maƙale a inji, ƙofa ta ƙi buɗuwa, kuma Abba yana hanya..."

Sai ya tambaye ta:

"Kin lalube aljihunta kafin ki saka?"

Ba ta lalube ba. Ita da ta saba da aljihun Abba, wanda bai wuce hankici ba, ina ta san aljihun mai gyara rumbun noti da sukuru ne? Ya yi mata bayani a gurguje cewa wani abu ya toshe famfon da ke fitar da ruwa, kuma muddin da ruwa a ciki ƙofar ba za ta saki ba, ko ƙarfinta zai ƙare. Ya ce ta fara cire fulogi. Ta ce to, amma daidai nan wata mota ta yi hon a waje, ta zabura ta leƙa taga. Ba Abba ba ne. Kafin ta dawo, maganar fulogi ta bi iska.

Ya sa ta duba tiyon baya ko ya lanƙwashe. Lafiya lau yake. Ya ce ta buɗe 'yar ƙofar da ke ƙasan injin, za ta ga siririn tiyo mai murfi, ta tara faranti ta riƙa tsiyaye ruwan kaɗan-kaɗan. Babban murfin matata kuwa kada ta taɓa shi tukuna.

Ruwan na fita zir-zir kamar ba ya so. Yaushe zai ƙare? A haka ai kafin ya ƙare Abba zai iso. Ta kama babban murfin ta murɗa iya ƙarfinta.

Ruwa ya yi ambaliya.

Nan da nan ya malale ɗakin wankin, ya shanye mata ƙafafu, kuma ba takalmi a ƙafarta. Ya nufi bango inda soket ɗin jona ke yashe a ƙasa, fulogin injin na nan daram a jikinsa.

"Ƙarar me nake ji? Kin dai cire fulogin ko?"

"Ban... ban cire ba."

"Ina kike tsaye?"

"Cikin ruwan..."

Ba ta taɓa jin muryarsa haka ba. "Kada ki taɓa injin! Kada ki taɓa komai, ki hau..."

Wayar ta suɓuce daga hannunta mai santsin sabulu, ta faɗa ruwa. Ta yi tsalle ta haye wata kujerar roba da ke gefe, ƙafarta na barin ƙasa soket ɗin ya yi tas, ya watso tartsatsi. Ƙaurin wayar wuta ya cika ɗakin.

Ta ƙanƙame jikinta a kan 'yar kujerar da ke rawa, salati kawai take yi. Ruwa ya zagaye ta, soket na cuu-cuu yana hayaƙi. Ita da ta karanta abin da wuta ke yi wa zuciyar mutum, yau ga ta tsakaninta da shi bai fi taƙi ba. Anti ta rugo, Auta ta daka mata tsawa kada ta sako ƙafa. Sai Anti ta ƙame a bakin ƙofa tana kuka, makirci ya gudu, ko inda babban makunnin gidan yake ba ta sani ba.

Kujerar ta soma zamewa.

Sai ta ji ƙarar babur, ta ji tsayuwar motar Abba, kusan a tare. Ta ji gudu a tsakar gida, da muryar Injiniya ba sallama ba gaisuwa.

"Abba, ina babban makunnin wuta? Tana cikin ruwa!"

Ƙat. Fitila ta ɗauke, soket ya yi shiru.

Abba da kansa ya ratsa ruwan da takalmansa ya sauko da ita. Injiniya ya tsaya a bakin ƙofa yana haki, jini ya ɓullo ta bandejin da ta ɗaura masa, ya kasa ɗauke ido daga kanta.

Sannan idon Abba ya sauka kan gilashin. Ya daɗe yana kallon tambarin. Tsoron ɗazu ya tafi, wani sabo ya maye gurbinsa a zuciyar Auta.

"Buɗe shi," in ji Abba.

Injiniya ya zare fulogin, ya durƙusa cikin ruwan. Da hannu ɗaya ya jawo matatar, ya zura yatsa can ciki ya zaƙulo wani noti da ya cije farfelar famfon, da wasu 'yan sukurori. Ya mayar da matatar ya ɗaure, ya ja 'yar igiyar da ke gefenta, ƙofar ta saki. Abba ya sunkuya ya ciro rigar da hannunsa, tana ɗigar da ruwa.

Auta ta zube kan gwiwoyinta. Ta ce ita ta je shagon, ita ta ɗauko rigar, ita ta buga waya, shi bai neme ta ba. Injiniya ya ce a'a, notin nasa ne, da ya zazzage aljihunsa da duk haka ba ta faru ba. Abba ya ɗaga hannu, duka suka yi gum.

"Ka san in ka tako gidan nan magana ta mutu?"

"Na sani, Abba."

"Amma ka tako."

"Waya ta ɗauke tana tsaye cikin ruwa." "Gara a hana ni ita tana raye."

Auta ta runtse ido tana jiran hukuncin da ta ga an yanke wa yayarta, hawaye na bin kuncinta. Tana sonsa, wallahi tana sonsa, kuma da hannunta ta kashe maganar.

Abba ya dubi soket ɗin da ya ƙone ƙurmus, ya dubi ƙafafun 'yarsa. Ya ja dogon numfashi.

"Tunda na kafa gidan nan ban taɓa janye maganata ba," ya ce a hankali. "Yau na janye. Tana ajiye alƙalamin jarrabawa ka turo min manyanka."

Auta ta buɗe ido, ta kasa ko motsi. Anti ta sulale ta bar wurin tana sharar majina.

Abba ya miƙa wa Auta rigar, ya ce ta ɗauraye ta ta shanya a igiyar tsakar gida inda kowa zai gani, ba ya son ɓoye-ɓoye a gidansa. Har ya kai ƙofa ya juyo.

"Amma fara ɗaure masa hannun nan, jini yake zubarwa."

Ta ɗauko akwatin magani ta zauna gabansa. Hannunta na rawa ta soma warware bandejin, shi ma nasa rawar yake yi, sai ta riƙe shi gam har ya daina.