Gashin da Ke Tsagar Katanga

Magariba ta kawo jiki a unguwar Dar Salam ta Omdurman, an ɗauke wuta kamar yadda aka saba, Sakinatu tana yin kisra, wainar dawar nan ta Sudan, a tsakar gida. Sai ga dutse, tim, a gabanta. Ta ce yaran maƙwabta ne. Na biyu kuwa daga ɗakin 'yarta Mawahib ya fito, alhali ɗakin a kulle yake, ba kowa ciki.

Mawahib ƙera mutanen kwamfuta take yi wa wani kamfanin talla a Khartoum. Takan ƙera mace da kai ƙwal, ta yayyafa ɗigo-ɗigo a fatar kan, kowane ɗigo ya tsiro da silin gashi, sannan ta taje shi ta kwantar. Uwar takan yi dariya ta ce, "Oh ni Sakinatu! Mu auduga muka shuka a Jazira, ke kuma gashi."

To, a kwanakin baya gashin wata mace da ta ƙera ya ƙi kwanciya, ya miƙe kamar tsintsiya. Garin neman abin kwaikwayo yarinyar ta zaro wani curin gashi daga tsagar katangar baya. Kowa ya sani mace in ta taje kanta nan take cusa abin da ya zube, kuma ba a taɓa na wani. Wannan baƙi ne wuluk, dogo, babu mai irinsa a gidan. Ta warware shi, ta bi lanƙwasarsa sili-sili ta dasa wa matar kwamfutarta.

Tun daga ranar gashin Mawahib ya fara zuba, ga kuma jifan nan ya biyo baya. Da asuba Sakinatu takan tarar da shi a matashi, na cikin kwamfutar kuwa yana ƙara tsawo ba wanda ya taɓa shi. Yarinya ta daina ci, ta rame, sai ido. Wallahi tsoro ya kama Sakinatu, don ta ga abin ba a gashi zai tsaya ba.

Ta tafi ta ɗauko Faki Ilyasu, malamin da ya yi suna wajen rukiyya a Omdurman. Rana na faɗuwa ya sa garwashi da turare, ya fara karatu. Gidan ya yi tsit. Can Mawahib ta miƙe zaune, wuyanta ya karkace, wata murya ta tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Faki, daina ƙona ni. Ni aka yi wa sata."

"Wace ce ke?"

"Mai katangar. Kafin a kwaɓa lakarta ina nan. Gashina ta ɗauka ta yi mini kai, kan kuwa ya yi mini kyau. Duk silin da ya tsiro can, daga nan nake cirowa. In gashi ya ƙare sai in koma kan jini."

Sakinatu ta ɗora hannu a ka. "Innalillahi! Ga naki, mu mayar miki."

"An warware shi. Ba ya komawa."

Malamin ya ƙara karatu, muryar ta yi ƙara, ta ce za ta fita, amma sai an cike mata tsagarta da gashin kai guda na mai rai. Faki Ilyasu ya ce ba a ciniki da aljani. Kafin ya rufe baki Sakinatu ta warware mayafinta ta ɗauko reza. Ta aske furfurarta tas, ta je ta cusa a katanga.

Mawahib ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta dubi uwarta. "Yumma, ina gashinki?"

"Sha ruwa, 'yata."

Da safe aka kawo wuta. Mawahib ta kunna kwamfutar za ta goge aikin, sai ta ƙwala wa uwarta kira. Matar tana nan tsaye a allon, kanta fari fat da furfura, an yi mata irin kitson da Sakinatu take yi tun tana Jazira.