Wasiƙar da Malam Hadi Ya Koya wa Mani

Ranar kasuwar 'Yankara Mani ya fara ganinta, a shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga boko. Tana tsaye bakin hanya da ɗaurin littattafai a ka, motoci uku sun wuce ta cike maƙil. Mani ya taka birkin akori-kurarsa, ya sauko da wani mai buhun barkono daga gaba, ya maida shi baya.

"Ina zuwa, Malama?"

"Sabuwa. Wa ya ce maka malama ce ni?"

"Ga alli nan a yatsunki."

Ta dubi hannunta, ta yi murmushi, ta shiga.

Sunanta Suwaibatu, ɗiyar Alhaji Barau mai hatsi a Ƙanƙara, sabuwar malamar Turanci da aka tura Sabuwa. Duk Juma'a takan tafi gida, Lahadi ta koma. Kafin damina ta fita kujerar gaba ta zama tata. Shi yana ce mata Tauraruwa, ita tana ce masa Direbana.

Wata rana tana duba littattafan yara a hanya, ta yi tsaki.

"Yaran nan sai su rubuta yarinya ta tafi, su tsaya. Wace irin yarinya? Yaya ta tafi? Turanci ba sifa ba bayanau, ai tuwo ne ba miya."

"Mi ne ne kuma sifa, Tauraruwa?"

"Kalmar da ke faɗin kamannin abu. Bayanau kuma shi ke faɗin yadda aka yi abin. Da su ake gane abin da ke zuciyar mai rubutu."

Maganar ta zauna wa Mani a rai. Aji uku ya tsaya a firamaren Pauwa, yana iya kwafar baƙi amma bai jin Turanci. Ga shi kuma da kawunsa ya je gaisuwar neman aurenta, Alhaji Barau ya ce, "Ban sa ɗiyata boko don ta auri mai warin baƙin mai ba." Mani ya ƙudura sai ya nuna shi ma ba a baya yake ba.

Ya tafi Faskari wajen Malam Hadi, abokinsa na ƙuruciya, wanda yanzu malami ne mai sabon babur besfa, ya roƙe shi ya koya masa rubuta wa Suwaibatu wasiƙar soyayya da Turanci. Bai san Hadi ya riga ya tura manyansa gidan Alhaji Barau ba.

"Wannan ai mai sauƙi ne," in ji Hadi. Ya ɗauko littafi da jan biro, ya jera kalmomi, kowace da ma'anarta a gefe. Sati biyu Mani yana hadda, ko a tasha baki na motsi. Sannan ya kwafe wasiƙar da hannunsa:

"My ugly Suwaibatu, you are a dirty and foolish girl. You walk badly. You talk stupidly. I love you cheaply. Mani."

Shi a saninsa, ya ce mata kyakkyawa, mai tsabta da hankali, mai tafiyar yanga da magana mai daɗi, wadda yake so matuƙa. Abin da ya rubuta kuwa shi ne mummuna, ƙazama, sakarya, mai mugunyar tafiya da maganar wauta, wadda yake so a arha.

Ya aika wasiƙar Ƙanƙara. Ranar da ta iso, Hadi na zaune a zauren Alhaji Barau. Shi ya fassara wa tsohon, kalma bayan kalma, yana girgiza kai.

Washegari aka aika wa Mani ya zo. Ya sa sabuwar riga, ya shafa turare. Ko gaisuwa bai gama ba yayyen Suwaibatu biyu suka rufe shi da duka a ƙofar gida, mutane na kallo. Ɗaya ya kwaɗa masa takalmi a kunnen dama har jini ya zubo. Alhaji Barau na kan tabarma, bai ce a bari ba.

"Baba, mi na yi?" Mani ke tambaya.

"Ɗiyar tawa ce ƙazama? Ku fitar mini da shi."

Labari ya bazu. A tasha yara da manya suka sa masa suna Ogili, wato ugly ɗin nan na cikin wasiƙar. Kunnen ya daina ji. Suwaibatu ta daina shiga motarsa, sai wata takarda da ta aiko da Hausa: "Da ka gaji da ni sai ka faɗa mini a mota, mu biyu. Allah Ya isa." Ba a yi wata biyu ba ya ji an kusa sa ranarta da Hadi. Ko a lokacin, kansa yake zargi. Yana tsammanin wajen kwafa ya yi kuskure.

Wata Juma'a ya gan ta a tashar Sabuwa tana jiran mota. Ta kau da kai. Ya je ya tsaya gabanta, duk ya rame.

"Tauraruwa, ko za ki auri wani, abin da na rubuta har yanzu shi ne a raina. You are ugly. Wallahi duk Katsina ba wadda ta kai ki ugly."

Mutanen da ke kusa suka tuntsire da dariya. Ita ba ta yi ba. Fuskarsa take kallo, hawaye na bin kumatunsa.

"Mani, mi kake nufi da kalmar nan?"

"Kyakkyawa mana."

"Wa ya koya maka?"

Ya je mota ya ɗauko littafin. Ta buɗe, ta ga jan biro, ta gane rubutun, don irinsa ne a wasiƙun da Hadi ke aiko mata. Ta zauna kan wani buhu.

"Direbana," ta ce, "ka yafe mini." Bai ji ba, don ta gefen dama take. Sai da ta zagayo ta sake faɗa.

A ranar ta kai wa mahaifinta littafin. Alhaji Barau ya kira hedimasta ya karanta masa, sannan ya kira Hadi. Hadi ya ɗaga kafaɗa.

"Wasa ne, Alhaji. Wanda zai sa hannu kan abin da bai sani ba, ai ba mijin malama ba ne."

Tsohon ya miƙe. Ya sa aka fito da kayan neman auren da Hadi ya kawo aka ajiye a ƙofar gida, daidai inda aka doki Mani, har sai da dangin Hadi suka zo da rana tsaka suka kwashe.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Alhaji Barau bai taɓa ba Mani haƙuri ba, yayyen ma haka. Da ango ya shigo zaure ya durƙusa, tsohon ya sunkuya ya yi magana ƙasa-ƙasa. Mani bai ji ba, ya ci gaba da jira.

Kawun Mani ya ce, "Alhaji, ta nan gefen bai ji."

Alhaji Barau ya daɗe yana kallon kunnen. Sannan ya tashi da kansa, ya zagaya hagun Mani, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Na ba ka Suwaibatu. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a ta gari, Ya raba ku da mugun aboki."

Jama'a suka amsa, "Amin."