Tikitin Shiga Lauje Ne

Shafa'atu na tsugune a tsakar gida tana tankaɗen garin tuwo, waya na gefenta a kan tabarma, waƙar saurayinta Awaisu na fitowa a hankali. Ita fa a ganinta ta rage sauti. Sai ji ta yi an daka mata tsawa ta baya:

"Kashe min wannan abin!"

Saura kaɗan rariya ta suɓuce mata. Mahaifinta ne, Malam Isyaku, ya dawo daga gona.

"Baba, sannu da zuwa..."

"Riƙe sannunki. Yaron nan ya sake turo min kawunsa har masallaci. Na faɗa masa, ke ma bari in faɗa miki: ni ba zan zaɓa miki miji ba. Kawo manomi, kawo direba, kawo mai faci – amma ban da mawaƙi!"

"Baba, wallahi Awaisu yana salla, ko sigari ba ya sha..."

"Na ce miki ba ya salla? Yau yana Funtua, gobe Malumfashi, jibi lambun wani otal a Bakori. Ranar da kika kwanta ciwo kina neman mai miƙo miki ruwa, yana can kan dandamali ana yi masa liƙi. Ke ce autata. Ba zan kai ki inda za ki tsufa kina sauraron mijinki a waya ba!"

Ya shige ɗaki. Hawayen Shafa'atu suka ɗiɗɗiga a cikin gari, mahaifiyarta Inna Marka ta janye kwanon tana cewa, "Kayya, 'yar nan, tuwon namu ai da gishirinsa a miya."

Shi kuwa Awaisu, duk ƙasar Danja babu wanda bai san shi ba. Shi da yaransa, da fiyano da janareto da lasifika, a motar haya suke zaga garuruwa suna wasa a ɗakunan taro da gidajen shaƙatawa. A kakar nan ma zagaye suka fara, kuma za su rufe da babban sho a Funtua, irin wanda yake mafarki tun yana rera waƙa a bakin injin niƙa.

Fiddausi, ƙawar Shafa'atu, ta zo mata da shawara. "Ke, kin cika sanyi! Ku je wajen alƙali mana, ya ɗaura muku, magana ta ƙare. Tsoho zai yi fushi ya huce."

"In kai Babana kotu? Allah ya tsare ni! Gara in zauna haka."

Da Awaisu ya kira, muryarsa duk ta mutu. "Shafa, in dai waƙar ce matsala, na bar ta. Gobe in sayar da fiyanon."

"Kar ka soma! In ka bari saboda ni, wata rana za ka dube ni ka tuna abin da na raba ka da shi. Mu yi haƙuri kawai."

Faɗin haƙuri a waya ba wuya. Amma tana ajiyewa ta kifa fuska a matashi ta yi kuka mai isarta, don wallahi tana son yaron nan.

Ana cikin haka, ranar kasuwar Danja, babur ya kayar da Malam Isyaku, ƙafa ta karye. Mai ɗori ya ɗaure, ya ce ko taka ta ya yi babu ruwansa. Ga waken suya ya bushe ƙayau a gona, kwasfa ta fara fashewa tana zubar da ƙwaya a ƙasa. 'Ya'yansa maza suna can Kudu, 'yan ƙwadago kuwa duk manyan gonaki sun kwashe su. Abincin shekara ne yake zubewa, mai shi na kwance yana kallon rufin ɗaki.

"Da a da ne," in ji Inna Marka, suna wanke-wanke da Shafa'atu, "gayya za a kira, a gama kafin la'asar. Yanzu wa zai zo? Samari duk suna kan waya." Ta yi ɗan murmushi. "Kin ga Malam ɗin nan da yake ta faɗa a kan kiɗa? A wajen gayya na fara ganinsa. Maitama makaɗin noma ya kaɗa masa takensa, ya zabura ya bar samari a baya. Ni na bi shi da kallabina ina share masa gumi, har aka yi ta yi min tsiya."

"Inna! Baba yana da take?"

"Ke, rufa min asiri!"

Ina! Ai Shafa'atu ba ta rufa ba. Ta kira Awaisu ta zayyana masa komai: ƙafar, waken, har da Maitama, tsohon Bamagujen nan da ke ƙauye bayan Malumfashi. Ba ta roƙe shi komai ba. Shi kuwa ya ce, "To, na ji."

Bayan kwana kaɗan Fiddausi ta faɗo gidan a guje, mayafi a hannu. "Shafa! Kalli mutuminki, ya haukace!"

Bidiyon wasansa na Malumfashi ne. Awaisu na riƙe da makirfo yana cewa, "Jama'a, shon Funtua na ranar Asabar na ɗauke shi! A wata gona za a yi a Danja, da safe. Babu tikiti. Duk mai son shiga ya zo da lauje!"

Shafa'atu ta ɗauki wayarta. Nan take ta kira shi. "Awaisu, mafarkinka fa! Mai ɗakin taron fa?"

"Ya zage ni tas, ya ce kar in sake taka masa wuri. Yarana ma sai da na lallashe su. Funtua ba za ta gudu ba, Shafa. Waken Baba shi ne ba zai jira ba."

"In kuma ya ce bai yarda ba duk da haka?"

"To, an dai yanke masa wake."

Ranar Asabar da hantsi hanyar gonar ta cika da babura da kekunan haya. Samari da gilashi da matsattsen wando, kowa da lauje, wasu ma aro suka yo. Janareto ya ɗauka. Awaisu ya hau kan amalanke yana waƙa, duk wanda ya miƙe don rawa sai ya ce, "Malam, duƙa! A nan da lauje ake rawa!" Aka yi ta dariya, wake na kwanciya dami-dami.

Gonar ba ta da nisa da gida. Malam Isyaku na kwance yana jin hayaniyar, ya haɗe rai. "Wa ya aike shi?" Shafa'atu ta sunkuyar da kai.

Can sai fiyano ya yi shiru. Wata tsohuwar ganga ta ɗauka, mai zurfin murya, sannan muryar tsoho ta fito ta lasifika tana karkarwa: "Isyaku na Marka! Rana ta gaji, kai ba ka gaji ba!"

Malam ya yunƙura zai tashi, ya manta da karaya. "Maitama ne! Wallahi Maitama ne! Yana da rai?"

"Malam, ƙafarka!" in ji Inna Marka.

"Ku kawo min amalanke!"

Haka aka kai shi, ƙafa a miƙe. Ya tarar da Maitama na kaɗawa, Awaisu a durƙushe yana riƙe masa makirfo a bakin ganga, hannunsa duk ƙaiƙayi da ƙurji don shi ma ya yi yanka. Gona kuwa saura ɗan gefe. Malam ya daɗe yana kallo, hawaye na bin gemunsa. Inna Marka ta faki ido, ta miƙa masa gefen mayafinta.

Awaisu ya matso ya tsuguna. "Baba, ya jiki? A gafarce ni, ban nemi izini ba."

"Shon naka fa?"

"Ga shi nan, Baba. An kusa tashi."

Malam ya juya ya dubi 'yarsa, wadda ta ɓuya bayan Fiddausi.

"Auta, na ce miki ranar buƙata yana kan dandamali. Ban san ɗauko dandamalin yake yi ya kawo ba." Ya dafa kan Awaisu. "Ka turo kawun naka. Wannan karon gida zai zo, ba masallaci ba."

Fiddausi ta rangaɗa guɗa, Maitama ya ƙara wa ganga wuta, Shafa'atu ta rufe fuska tana kuka tana dariya.

To, 'yan'uwana matasa, da ta bi ta kotu, da ta sami miji ta rasa uba. Tsoron iyaye ba ƙiyayya ba ne, kuma ba a kawar da shi da gardama. Hali suke jira su gani da idonsu. Shafa'atu ta yi haƙuri, ta sami Awaisu, ta sami albarkar Babanta. Ranar biki kuwa, Malam Isyaku da sandarsa, shi ya fara yi wa surukinsa liƙi.