Jif Ɗin Da Ba Ta Shan Man Galan

Ranar da Tahir ya fara ganin jikata Jannat, turin mota yake. Wata baƙar jif ce ƴar madaidaiciya, sai sheƙi, yayansa ya aiko masa daga Abuja. Ta mutu a bakin lungunmu na Hausari, ta tare wa masu keke napep hanya, ana ta zaginsa da Hausa da Kanuri.

Jannat ta gyara lafayarta. "Malam, me ka ba ta?"

"Man galan na zuba mata, wurin ƴan bumburutu."

"To ka ga ba ta gode ba."

Ya ɗago yana zufa, ya manta da turin, motar ta komo ta take masa ƙafa. Bai ma ce wash ba.

Makanikensa Boniface ya ce irin wannan mota sai tataccen fetur na babban gidan mai, gauraye toshe mata ciki yake.

Tun daga nan gidanmu bai sake zama lafiya ba. Waya ta yi ƙara, yarinya ta zabura. Ni kuwa dole a karanta mini saƙon Tahir, in ba haka ba in kai wa ubanta ƙara.

"Hasken idona, ina layin mai, ya kai har kwanar titi. Zan zo bayan la'asar."

Can kuma: "Hasken idona, mai ya ƙare kafin a zo kaina. Ki yafe mini."

Ta shiga ɗaki, ta fito, ta leƙa zaure, turaren wuta ya ƙone a banza. Ga Babagana mai shagon atamfa, shi ma sonta yake, kullum yana ƙofar gida kan lokaci. Shi ya ce an ga jif ɗin tana kwana a ƙofar wani gida a unguwar Wulari. Yarinya ta yi kuka har ta ƙi tuwo. Ashe gidan jikin garejin Boniface yake.

Ubanta, ɗana Ajimi, ya ce, "Inna, wanda ya karɓi abu bai tambayi me yake ci ba, shi zan ba ƴa? Ya kawo manyansa ran Juma'a. In aka kira magariba ba su zo ba, Babagana na nan."

Juma'a ta zo. An shimfiɗa darduma, shayi ya huce, an sake ɗorawa. Sai waya:

"Ranki ya daɗe, jar wutar mai ta kunna. Ga baffannina a mota, layi bai motsa ba. Ga mai galan nan yana ɗaga mini hannu."

"Kaka, in ya zuba za ta mutu a hanya! In bai zuba ba..."

Na ce, "Zauna mana, kin sa ni jiri."

Ba ta zauna ba. Ladan ya fara gwada lasifika, Ajimi ya miƙe ya ɗauki buta. Sai ga keke ya faɗo lungu yana tangaɗi, dattawa uku cunkushe a baya, manyan riguna na jan ƙasa, Tahir a gefen direba, rabinsa a waje.

Ajimi ya dube shi sama da ƙasa. "Ina motar?"

"Tana layin mai, Baba."

"Ka bar ta a titi? Motar yayanka?"

"Ita za ta iya jira, Baba."

Ajimi ya ajiye buta. "Wushe, sannunku da zuwa, ku shigo."

Bayan Sallah aka ɗaura aure. Ranar kai amarya an cika tankin tun jajibere, an wanke jif tas, an ɗaura mata furanni, amma ta ƙi shiga lungu, ta yi masa faɗi. Da ƙafa Jannat ta taka har bakin titi, tana kuka tana sauri.

Na riƙe hannun ango, na nuna masa Jannat, na ce, "Wannan ma ba ta cin gauraye, ka ji ko?"

"Na ji, Kaka."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka. Ya kuma kawo man fetur garin nan, mu huta.